Tarakta 'yar ƙarama, matsakaiciya ko babba: wacce ta dace da gonar da ba ta wuce hekta 20 ba?

Shekara uku ke nan da Hammana, wato yayana, ya ajiye aikin gwamnati aka biya shi kuɗin sallama. Abu na farko da ya ce zai yi da su shi ne sayen tarakta, don ya gaji da bin masu haya yana roƙo duk farkon damina. Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin haro, wato barzar ƙasa da tarakta, tun watan Mayu, ya zauna yana kallon hadari na haɗuwa yana zubarwa, maƙwabta na shuka, direba kuwa kullum "gobe in Allah ya yarda", ya san wannan ƙunar zuci. Gonarmu ta gado tana yankin Deba, hekta 9 da 'yan kai, a rabe wuri uku, sai wani fegi a fadama ta wajen Dadin Kowa inda muke shinkafa da kayan miya. Hamma ya yi tafiya ya dawo da wata 'yar tarakta ta hannu ƙirar Jafan, mai ƙarfin doki 22, mai ja da ƙafa huɗu, da injin barzar ƙasa maƙale a bayanta. Fes da ita, injin na bugawa tiryan-tiryan, ga rashin shan mai.

Tun daga lokacin kusan kowane wata sai wani ya tare ni ya ce, "Malam, mai doki nawa zan saya?" Ni kuma nakan ce mu ajiye maganar doki tukuna. Wace irin ƙasa ce a gonarka? Kunya kake yi ko shimfiɗe kake shuka? Garmar da za ka rataya mata tana ina? Wa zai kwance ta in ta tsaya? Kwana nawa damina ke ba ka tsakanin saukar ruwan shuka da wucewar lokaci? In an amsa waɗannan, yawan dokin da kansa yake fitowa.

Abin da ake samu a kasuwa kashi huɗu ne. Akwai mai ƙafa biyu wadda ake riƙe hannuwanta ana bin ta a baya, doki 8 zuwa 15. Akwai 'yar ƙarama mai ƙafa huɗu, doki 18 zuwa 30, irin su ƙananan Kubota da Yanmar da Iseki da ake shigowa da su na hannu, da sababbi na Indiya da na Sin. Nauyinta daga kilo 700 ne zuwa tan guda ko sama kaɗan. Akwai matsakaiciya, doki 40 zuwa 50, mai nauyin tan biyu ko ƙasa da haka kaɗan, irin su Massey Ferguson 240 da Mahindra 575 da John Deere 5050D. Sai wadda kowa ya saba gani a hanyar ƙauye, doki 75, irin su Massey Ferguson 375 da New Holland TT75, mai nauyin tan biyu da rabi ko kusa da haka. Kada lambar da ke jikin tarakta ta ruɗe ka. 375 doki 75 ce, amma 240 kusan 50 ce, 575 ta Mahindra kuwa 45. Sannan dokin da ke rubuce a takarda na injin ne. Kafin ƙarfin ya isa sandar nan mai juyawa ta baya da kanikawa ke kira PTO, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ya tafi. Wanda ke isa ga garma ta hanyar taya, a ƙasa mai laushi, bai cika wuce rabi da yawa ba.

Yawancin shawarwarin da yaranmu ke tsintowa a intanet kan ƙananan taraktoci na mutanen Amurka da Turai ne, kuma aikinsu daban ne: yankan ciyawar fili, kwashe dusar ƙanƙara, share bargar dawaki. Na Jafan kuma don fadamun shinkafa aka ƙera su, fili shimfiɗaɗɗe mai ruwa. Mu a nan kunya muke yi. Kayan aikin da suka cika ƙasarmu ma a kan manyan taraktoci suka ginu, tun zamanin da kamfanin Steyr ke harhaɗa taraktoci a Bauchi, da lokacin da aka buɗe shirin bunƙasa noma na Gombe tare da na Funtuwa da Gusau a tsakiyar shekarun 1970. Garmar da za ka aro, da wadda mai walda ya iya gyarawa, da direban da ya ƙware, kusan duk na wannan ajin ne.

Kunya ce ta fara nuna mana iyakar 'yar taraktar Hamma. A fadama ta yi rawar gani, ta barje ƙasa luƙwi, ta shiga inda babba ba za ta soma ba. Ranar da muka hau da ita tudu, gonar masara mai tsofaffin kunyoyin bara, nan take ta karkace: taya ɗaya a kwari, ɗaya a kan kunya. Hamma ya ja da baya ya sake saiti, ta sake karkacewa. Na ɗauko ma'auni na auna daga tsakiyar tayar hagu zuwa tsakiyar ta dama, mita guda da ɗan ɗori. Kunyarmu kuwa tazarar santimita 75 ce, wadda malaman gona ke ba da shawara ga masara da wake da waken suya, garmar shanu ma kusan haka take bayarwa ko ta ɗara kaɗan. Ke nan in ana so tayoyi biyu su bi kwari su bar kunya biyu a ƙarƙashin ciki, sai tazararsu ta kai santimita 150. Matsakaiciya da babba suna kaiwa, kuma akan juya ƙafafunsu a ƙara ko a rage faɗi. Yawancin ƙananan ba sa kaiwa ko an juya. Ga kuma tsayin ciki daga ƙasa: ƙananan kan tsaya a santimita 25 zuwa 30, manyan kan kai 40 ko fiye. Kunyar da aka huɗe da kyau tana gogar cikin ƙaramar, balle a yi maganar shiga ban ƙasa bayan masara ta kai gwiwa. Wanda zai sayi tarakta ya tafi da ma'auni a aljihu. Wannan awon na minti biyu ya fi duk bayanin da dillali zai yi masa amfani.

Da muka ga haka sai muka aro rija, garmar da tarakta ke huɗa kunya da ita, daga wani maƙwabci mai doki 75. Nan ma wata sabuwa. Hannuwa ukun nan na bayan tarakta da ake rataya garma aji-aji ne. Na ƙananan, aji na ɗaya, ƙusar hannun ƙasa milimita 22 ce. Na manya, aji na biyu, milimita 28. Ƙusar rijar ta ƙi shiga. Muka kai wa mai walda ya yi mata dabara, aka rataya. Hamma na jan haidirolik don ɗaga rijar sai gaban taraktar ya ɗaga, tayoyin gaba suka bar ƙasa suna lilo. Baffanmu, wanda ya shekara 40 yana noma da shanu, yana tsaye a gindin ɗorawa yana kallo. Ya ce, "Ku sauke mata. Ba a ɗora wa maraƙi karkiyar bijimi." Ya juyo wajen Hamma ya ƙara da cewa, "Kai da ka sayo ta, ka tambayi garmarta a can?" Hamma ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban tambaya ba, Baffa."

Wannan ita ce tsadar da ba a gani ranar ciniki. Haidirolik na 'yar ƙarama kan ɗaga kilo 500 zuwa 750, na matsakaiciya kusan tan ɗaya da rabi, na babba tan biyu. Garma mai faifai uku kaɗai takan haura kilo 300, kuma nauyinta can baya yake rataye, nesa da taya, shi ya sa yake rinjayar gaba. Duk wanda ya sayi ƙarama sai ya sayi kayanta sababbi daidai ita, don ba zai samu aro a ƙauye ba. Matsakaiciya ta fi sauƙin sha'ani: da yawansu suna karɓar aji biyun, ko kai tsaye ko da ɗan zoben ƙarfe da ake zura wa ƙusa, kuma tana jan rija mai kunya biyu irin wadda aka saba.

Sai maganar ƙasa, wadda a ganina ita ce uwa uba, kuma a nan ne amsar mutumin Dukku ke rabuwa da ta mutumin Deba ko da gonakinsu girma ɗaya ne. A jigawa, irin ta Dukku da Nafada da Kwami, ko ta Azare da Misau da Gamawa a Bauchi, ƙasa ba ta gardama. Mutane da yawa ba sa ma sa garma mai faifai, haro kawai sai rija, wasu ma huɗa kai tsaye. Doki 40 zuwa 45 ya wadatar har da ragi. Matsalar yashi zamewar taya ce, maganinta kuma nauyi ne da taya mai kyawun haƙori. Akan ɗura ruwa a tayoyin baya har kashi uku cikin huɗu, tunda mu ba mu da sanyin da zai daskarar da shi. Ina kuma roƙon masu jigawa su rage kifar da ƙasa da faifai duk shekara. Yana mayar da ita gari, iska ta kwashe, ruwa ya ja saura, kuma mu mutanen Gombe mun san abin da zaizayar ƙasa ke yi.

Baƙar laka ta ƙasar auduga, irin ta Deba da wajen Talasse, wata duniya ce. Da rani ta tsattsage ta yi tauri kamar dutse, faifai ya riƙa tsalle a kanta. Ruwa ya yi yawa ta zama danƙo, ta cika haƙoran taya, tarakta ta riƙa juyi a wuri ɗaya tana haƙa wa kanta rami. Tsakanin waɗannan biyun akwai 'yan kwanaki da take nomuwa, wani lokaci biyu ko uku bayan ruwa, kuma a cikinsu ake so a gama. Kowane faifai guda a irin wannan ƙasa yana neman doki 20 zuwa 25. Ke nan doki 50 faifai biyu ne, doki 75 faifai uku, doki 22 kuwa barzar sama kawai za ta yi. A nan ne mutum ke gane cewa nauyi ke ja. Taraktoci biyu masu doki iri ɗaya, ɗaya kilo 1,200 ɗaya kilo 1,900, a laka ba sa'o'in juna ba ne. Mai ja da ƙafa huɗu tana rage wannan gibin, don tana cin moriyar nauyinta duka, sai dai ta fi tsada kuma ta ƙara maka wurin lalacewa a gaba. Amma nauyin ma yana da illa: babbar tarakta a jiƙaƙƙiyar laka tana danne ƙasan gona ya zama dandamali, saiwa ta kasa ratsawa, ruwa ya kwanta. A ƙasar duwatsu kuma, wajen Kaltungo da Billiri ko Dass da Toro, gonaki ƙanana ne a karkace, da tsakuwa da kututture, kuma gajeriyar tarakta mai saurin juyawa ta fi doguwa amfani.

Yanzu lissafin kwanaki, wanda kowa zai iya yi a bayan takarda. Ka ɗauki faɗin abin da garma ke ci da mita, ka ninka da saurin tafiya na kilomita a awa, ka raba da 10, sannan ka zubar da kashi ɗaya cikin huɗu saboda juyi a bakin gona da kewaye bishiyoyi da tsayawa. Abin da ya rage shi ne hektar da za ka yi a awa. Faifai biyu na cin kamar santimita 55, a saurin kilomita 5: kusan hekta ɗaya cikin awa 5. Faifai uku, santimita 80: hekta ɗaya cikin awa 3 da minti 20. Haro ya fi garma sauri: mai mita ɗaya da rabi a bayan matsakaiciya yana gama hekta cikin awa ɗaya da rabi, mai mita biyu a bayan babba cikin awa guda. In gonarka hekta 10 ce ka yi garma da haro da huɗa, matsakaiciya za ta ci awa 80 da wani abu, kwana 10 ke nan ko 11 in ana awa 8 a yini. Babba za ta gama cikin awa 60, wato mako guda da ɗan ɗori. Bambancin kusan kwana uku ne. Ga mutumin kudancin Bauchi da ruwa ke sauka masa tun Afrilu, a shekara ya kai kusan milimita 1,300, kwana uku ba komai ba ne. Ga na Katagum da ke jiran Yuni, ruwansa kuma bai cika wuce milimita 700 ba, kwanaki sun fi tsada, sai dai shi ƙasarsa ba ta neman garma mai nauyi, don haka matsakaiciyar ma ta ishe shi. Wanda ke cikin matsi na gaske shi ne mai laka mai faɗi.

Wannan lissafin yana tona wani abu da masu saye ba sa son ji. Gonar hekta 10 ba ta ba tarakta aikin awa 100 na noma a shekara. Ka ƙara kai taki da kwaso amfani da jan injin casa, da ƙyar ka kai 250. Masana injinan noma kuwa awa 800 zuwa 1,000 suke ambata a shekara kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Saboda haka duk mai ƙaramar gona da ya sayi tarakta, ko ya shirya ko bai shirya ba, ɗan haya ne. To me masu haya ke nema? Haro da rija, da wuri, a kunyar da suka saba. 'Yar ƙarama ba ta da kasuwa a nan, ban da a fadama da lambu. Babba ce sarauniyar haya, matsakaiciya na bin ta a baya ba da nisa ba.

Mai kuwa, mutane na yawan kuskuren auna shi da awa. Gaskiya ne ƙaramar kan sha lita 2 zuwa 4 na gas a awa, matsakaiciya 4 zuwa 6, babba 7 zuwa 10, gwargwadon nauyin aiki. Amma in ka raba da hekta, a aiki mai nauyi kusan kunnen doki suke yi, don mai sha da yawa tana gamawa da wuri. Inda babba ke cin amanar aljihu shi ne ƙaramin aiki: buhu 10 a tirela, ko tayar da doki 75 don juya famfon ban ruwa.

Abin da ya fi ƙona mana rai bai zo ba sai tsakiyar Yuni. Boris ɗin ƙafar gaba ya tafi, mai ya fara tsiyaya. Muka ɗauko bakanike daga cikin Gombe, dattijo ne da ya san aikinsa. Ya kwance, ya juya ƙarfen a hannu, ya goge da tsumma yana neman lamba. Ya ce, "Alhaji, da irin jar taraktar nan da ta cika gari ce, kafin la'asar na haɗa maka. Wannan ban taɓa ganin kayanta a garin nan ba." Aka aika Bauchi, babu. Aka aika kasuwar Kofar Ruwa a Kano, aka kawo wani mai kama da shi, bai zauna ba. Kwana 19 tana jingine a kan itace, ruwa na zuba, ƙarshe da shanun Baffa da tarakta ta haya muka rufa wa kanmu asiri. Taraktar ba ta da laifi, ƙirarta mai kyau ce. Mu ne muka kawo ta inda ba ta da dangi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuma, duk abin da sai an yi odarsa daga waje ya zama abin tsoro. Kafin ka biya kuɗi, ka je shagon kayan gyara mafi kusa da kai ka tambayi abu biyar: filtar mai, filtar gas, faifan kuloci, famfon ruwa da taya. In ba su da uku a ciki, ka haƙura da wannan samfurin ko nawa aka rage maka. Ka kuma fifita inji mai tsohon tsarin famfon gas da giya ta hannu a kan mai kwamfuta, saboda irin gas ɗin da ake sayarwa a jarka da ƙurar hunturu.

Mai hekta 3 ko 4 zuwa ƙasa, shawarata kada ya sayi mai ƙafa huɗu sam. In tudu ne, shanun noma har gobe ba su da na biyu, kuma ƙasar Gombe ta daɗe da sanin haka. Bijimai biyu na huɗe kusan eka guda a yini. Ita kalmar eka ma asalinta a Ingila filin da shanu ke nomewa a yini ne, hekta kuwa eka biyu da rabi ce. Suna shiga ban ƙasa inda tarakta ba ta shiga, suna jan amalanke, suna ba ka taki, bayan shekara uku ko huɗu ka sayar da su sun fi yadda ka saye su daraja, abin da ƙarfe ba ya yi. Nauyinsu shi ne ciyarwar rani, da cuta, da ɓarayi. In kuma fadama ce, mai ƙafa biyu ta gas ta fi dacewa. Injinta ɗan gidan su injin niƙa ne, mai silinda ɗaya da tukunyar ruwa a ka, kowane bakaniken ƙauye ya san cikinsa. Da bel ɗaya za ta juya famfo ko injin casa, ta ja 'yar tirela. Sai dai a san aiki ne na ƙarfi: mai bin ta a faɗin santimita 60 zai taka kusan kilomita 17 kafin ya gama hekta guda, yini cur. Dattijon da ya yi ritaya ya tanadi matashin da zai riƙe ta.

'Yar ƙarama mai ƙafa huɗu tana da gidanta, kada a ce na kushe ta. Mai gonar mangwaro ko kashu ko gwaiba da ke son shiga tsakanin layuka. Mai lambun tumatir da albasa a ƙasan madatsar Dadin Kowa ko Balanga ko fadamar Jama'are. Mai gidan kaji ko turken kiwo da kullum yake jigilar dusa da taki da ruwa ta ƙofa mai ƙunci. Mai shuka a shimfiɗe ba kunya. Waɗannan za su ji daɗinta, in dai sun saye ta da kayanta a rana ɗaya kuma akwai mai sayar da kayan gyaranta a kusa.

Ga mai hekta 8 zuwa 20 a tudu, wanda ke noman masara da dawa da wake da riɗi, ni matsakaiciya nake zaɓa masa, doki 45 zuwa 50. Tana hawa kunya daidai, tana ɗaukar kayan da ake da su, tana juyi tsakanin kaɗanya da ɗorawa ba tare da an sare su ba, tana bin burtali, tayoyinta da batirinta da baƙin manta duk sun fi na babba sauƙi, kuma maƙwabta za su yi hayarta. Zan ce a haura zuwa 75 ne a hali uku kawai: in yawancin gonar baƙar laka ce, in za a buɗe sabon daji ko saura mai saiwoyi, ko in haya ce ainihin sana'ar, gonar kuma ƙari. Wanda ya sayi 75 don gonar jigawa mai hekta 10 ya daskarar da kuɗin da zai sayi haro da rija da tirela da takin shekara biyu. Na sha ganin tarakta sabuwa fil a ƙofar gida, mai ita na yawon aron garma. A kasafin kuɗi a ware wa kayan rataye kasonsu tun farko, ko da hakan zai sa a sauko daga 75 zuwa 50.

Tirela na buƙatar jan kunne. A hanya miƙaƙƙiya ƙaramar kan ja buhu 15, matsakaiciya 30 zuwa 40, babba 50. Amma ja daban, tsayawa daban. Yawancin tirelolin da ake haɗawa a nan ba su da birki, kuma a gangara irin ta Tula ko Dass kaya mai nauyi na iya tura tarakta marar nauyi ya naɗe ta. Haka nan ɗaura sarƙa sama da gindin tayar baya don tumɓuke kututture: cikin ƙiftawar ido tarakta ke tashi ta kifo kan direba, kuma ƙananan sun fi saurin yi. A ɗaura a sandar ja ta ƙasa, a bar ƙarfen kariya na saman kujera yadda aka ƙera shi, a hana yara hawa kan murfin taya.

Mu dai abin da muka yi, 'yar Jafan ɗin ta koma fadama ta zauna, wani ɗan ƙanwarmu ke aiki da ita yana barzar ƙasa wa masu shinkafa, mun kuma sayo boris biyu da filtoci mun ajiye. Don tudu, Hamma ya haɗa kuɗi da maƙwabta biyu suka sayi ta hannu mai doki 50, irin wadda dattijon bakaniken ya ce kayanta na nan birjik. Shi muka tafi da shi wurin saye. Ya ce mu isa da sassafe kafin a ɗuma injin, ya sa aka tayar a gabansa yana kallon hayaƙi, ya sa aka ɗaga garma aka kashe inji, muka tsaya minti 10 muna duba ko za ta sauko da kanta. Agogon awa bai ko kalla ba, sai ya duƙa yana shafa yadda takalmi ya cinye fedar kuloci. Suka rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa: direba ɗaya ne ba a canzawa, kowa da gas ɗinsa, ana cire wani abu daga kuɗin kowace hekta a ajiye don gyara. Jerin aiki kuma ƙasa ce ke tsara shi, ba girman hannun jari ba. Washegarin ruwa ana fara wa mai jigawa, don tasa ke shanyewa da wuri, kafin a gama masa laka ta sha iska ta kai lokacinta. A ɓangarenmu mafi tauri, wanda faifai biyu ke wahala, har yanzu muna kiran mai 75 sau ɗaya a shekara biyu ya kifar mana, sauran aikin duk tamu ke yi. Bana maganar injin shuka mai layi biyu suke yi, kuma Hamma ya riga ya je ya auno ƙusarsa.